Marinar da Aka Sayi Kujera da Ita

Mutumin da na tsaya a bayansa ranar zaɓe, rana tana dukan ƙeyata, shi ne ya sa aka cike ramukan rinin ubana da ƙasa. Ba Bature ne ya yi mini wannan ba. Ba kuma 'yan jam'iyyar manya ba ne, waɗanda dama ba su taɓa cewa suna ƙaunata ba. Namu ne, ɗan unguwarmu, wanda na sha ɗauka a wuya yana yaro in tsallakar da shi kwata. Ba zan faɗi sunansa ba, don yana da 'ya'ya, su kuwa ba su yi mini komai ba. Tela ne, Tela kuma zan kira shi, ko da yake yanzu in ka ce masa haka sai ya ɓata rai.

Ni marini ne ɗan marini. Marinarmu tana wajen Ƙofar Dumi, ƙarshen wani lungu, ƙarƙashin wata tsamiya. Kakana ya haƙa namu ramukan, ubana ya gada, ni ma na gada. Wanda bai san rini ba zato yake rami rami ne, ko'ina ka haƙa ya yi. Ba haka ba ne. Sai an shafe cikinsa da laso, sannan sabon rami shanye baba yake yi shekara da shekaru kafin ya ƙoshi ya fara ba ka launin kirki. Tsohon rami kuwa, ka zuba baba da toka, ka kaɗa da muciya, ba a jimawa kumfa ta taso tana ƙyalli. Abin da ubana ya bar mini ke nan. Bai bar mini gona ba, bai bar mini shanu ba.

Karatun boko na ɗan taɓa. An kama ni aka kai elemantare lokacin da ake kama yara, ban yi nisa ba ubana ya yi ta roƙo har aka sako ni. Da wannan guntun karatun nake karanta jaridar Hausa in ta shigo hannu, ina tuntuɓe ina tashi. In an yi la'asar sai gindin tsamiya ya cika: marina, masu bugu, masaƙa, da mutanen Miri da Zungur da suka kawo saƙinsu suna jira ya bushe. In karanta, a yi ta musu. Da haka siyasa ta shigo mana, ba wanda ya gayyace ta. Shekarun nan ne na dab da tafiyar Turawa, kowa bakinsa mulkin kai. Gari ya rabu biyu, jam'iyyar manya da attajirai, da ƙaramar jam'iyyar da ke cewa ta talaka ce. Mu ta biyun muka bi.

Tela yana da keken ɗinki a bakin hanya, amma rabin yininsa a wurinmu yake yi. Ya fi ni karatu, ya kuma iya magana. In ya fara zancen haraji da aikin tilas sai ka ga tsofaffi sun ajiye muciya suna saurare.

Da aka yi shela cewa kowace unguwa za ta zaɓi wakilinta a majalisar gari, sai ya zo ya tsuguna kusa da ramina ina matse wani zane.

Ya ce, "Yaya, jam'iyya ta ce in tsaya. Amma in marina ba su bi ni ba, ba ni da kowa."

Na ce, "To ka tsaya mana. Mu ina za mu je?"

Zaɓen wancan lokaci ba irin na akwati ba ne. Fili ake fita. Kowane ɗan takara ya tsaya, masu sonsa su yi layi a bayansa, malamin zaɓe ya bi yana dafa kafaɗa yana ƙirgawa. Duk namijin da ya biya haraji yana da dama. Ma'ana dai, duk garin zai ga inda ka tsaya, har da mai unguwa, har da mutumin da kake rina wa rawani.

Babbanmu a marina wani tsoho ne abokin ubana, Kawu muke ce masa. Da na kai masa maganar sai ya ɗago kai daga kumfar raminsa.

Ya ce, "Kai ɗan nan, riga nawa talaka ke kawo maka a shekara?"

Na ce, "Kawu, ba zancen riga ba ne."

Ya ce, "Na sani. Ni dai tambaya na yi. Manyan riguna daga manyan gidaje suke fitowa. In mun tsaya, mun tsaya ke nan, ba komawa."

Amma ranar zaɓen shi ya riga duk marina fitowa, da sandarsa.

An yi shi a filin bayan kasuwa da hantsi. Ɗan takarar manya wani ɗan gidan malamai ne, ya sha babbar riga, layinsa ya miƙe tun kafin mu iso. Namu da farko abin kunya ne. Mutane sun yi cirko-cirko a gefe, kowa yana jiran ya ga wanda zai fara. Ni na fara. Na je na tsaya dab da Tela har ina jin warin man keken ɗinki a rigarsa. Kawu ya biyo ni, sauran marina suka biyo, sai masu bugu, sai masaƙa. Majema, masu jeme fata na can ƙasan unguwa, su rabuwa suka yi, wasu nan wasu can, wasu kuma suka sulale gida wai cikinsu ya ɓaci.

Mai unguwa ya riƙa bin layinmu a hankali, hannu a baya, yana duban fuskoki ɗaya bayan ɗaya. Wasu suna jan rawani su rufe baki. Mu ba mu da wannan dabarar. Marini ko ya rufe fuska hannunsa ya tona shi, shuɗi har gwiwar hannu. Da ya iso kan Kawu sai ya tsaya.

"Haba tsoho, har da kai? Da furfurarka?"

Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, inuwa na biyo. Na ga wancan layin rana ta fi yawa."

Ba kuwa ko ganye a filin. Aka fashe da dariya, mai unguwa ya wuce yana gyaɗa kai. Dariyar nan ce ma ta janyo mana sauran masu tsoro, suka shigo layi. Da aka gama ƙirga Tela ya ci. Muka ɗauke shi a kafaɗa har gindin tsamiya, farar rigarsa duk ta yi shatin hannuwanmu.

Abin da Kawu ya faɗa bai jima ba ya tabbata. Manyan gidaje suka daina aiko da riguna da rawuna, suka koma wata marina a ɗaya ɓangaren gari. Aikinmu ya koma zannuwan matan ƙauye da baƙin saƙin Fulani. Wallahi ban yi ƙorafi ba. Na san da haka na tsaya.

Da aka haɗa sakamakon unguwanni sai ya zama ba wanda ya yi rinjayen da zai yi gaban kansa. Manya sun fi mu kujeru, amma namu sun isa su hana ruwa gudu, hukuma kuma tana son a nuna wa Turawa cewa mun iya zama tare. Sai aka ce a zauna a raba aiki. Majalisa tana da kwamitoci: na kasuwa, na gine-gine da hanyoyi, na tsafta. Kowane kwamiti yana da shugaba, kowane shugaba yana da leburorin da zai ɗauka da 'yan gadi da masu shara. A gidan wani attajiri aka yi zaman, ƙofa a rufe. Mu da muka sha rana ba wanda ya ce mana ko ga tabarma.

Kashegari Tela ya zo marina fuska a sake.

"Yaya, mun samu! Kwamitin tsafta namu ne, ni ne shugaba. Samarinmu za su sami aikin lebura."

Aka yi ta kabbara. Wani ya ce shugaban masai, aka yi dariya, shi ma ya yi. Na ja shi gefe na ce, "Su me suka karɓa?"

"Kasuwa da gine-gine."

"A'a, ba shi nake tambaya ba. Mutanen nan ba sa ba da abu haka kawai. Me ka ba su?"

Ya dafa ni ya ce, "Kai Yaya, ka cika zargi." Ya hau sabon keken hawan da aka ba shi ya tafi. Daga ranar ƙafarsa ta ɗauke daga gindin tsamiya.

Damina tana ƙaratowa sai ga duba-gari, mutumin da ke bin gidaje yana leƙa tukwanen ruwa, da kakinsa da gajeren wando. Ya zaga ramukan yana toshe hanci. Ya ce wari ya yi yawa, ruwan da muke zubarwa yana kwanciya a lungu yana kawo sauro, kwamiti ya yanke a tashi marinar, an ba mu fili a bayan gari kan hanyar Miri.

Na ce, "Wane kwamiti?"

Ya ce, "Na tsafta mana. Akwai wani ne?"

Muka je muka ga filin. Dutse ne zalla, irin dutsen Bauchi da ko diga tsalle take yi a kansa, ga shi ba rijiya kusa. Wanda ya zaɓi wurin nan ko bai taɓa ganin rini ba, ko kuwa ya gani sarai.

Na tafi gidan Tela. Gidan da da nake shiga har tsakar gida in gaishe da uwarsa, ranar a zaure aka ajiye ni tare da masu neman aikin shara. Da ya fito sai ya ce, "A'a, Malam, kai ne?" Malam. Na haɗiye wannan.

Na ce, "Ka san abin da ya kawo ni."

Ya sunkuyar da murya. Wai ba shi kaɗai ba ne, wai yarjejeniya ce, in ya ƙi za a karɓe kujerar, jam'iyya ta tashi ba ta da komai, samarin da aka ɗauka aiki a kore su. Wai in yi haƙuri, zai yi ƙoƙari a haƙa mana rijiya a sabon wurin. Har ƙwalla na gani a idonsa. Na fito ina tausayinsa, ka ji wauta. Na koma na ce wa Kawu manya ne suka matsa masa, yaron ba shi da yadda zai yi. 

Gaskiyar magana a kasuwa na ji ta, daga bakin wanda ba shi da dalilin yi mini ƙarya. Wani Alhaji ne mai fataucin gyaɗa, jigo a jam'iyyar manya, yana cikin waɗanda suka yi zaman rabon. Na daɗe ina rina masa rawuna kafin siyasa ta raba mu, kuma mutum ne mai son tsokana. Ya hango ni ya ɗaga murya.

"Sarkin shuɗi! Yaya talakawa? An ce kun sami mulki."

Na ce, "Alhaji, kun dai ci amana. Marina me ta yi muku?"

Ya ce, "Mu? Zo nan ka zauna." Ya matsa mini a kan buhu. "Mu abin da muka ce, unguwarku tana da wuri biyu masu wari, majema da marina. Likitan Turawa ya daɗe yana damunmu a kansu. Muka ce wanda ya karɓi tsafta lallai ya tashi ɗaya kafin damina, a ga ana aiki. Ɗaya muka ce. Wanne, wannan ruwansa. Ni har na ɗauka majema zai ce, don kowa ya san ta fi ku ɗoyi nesa ba kusa ba."

Na ce, "To?"

"To sai naku ya ce a bar majema. Ya ce majema ba su gama yanke shawara ba, rabinsu na nan rabinsu na can, in ya taɓa su duk sun dawo wurinmu. Marina kuwa, in ji shi, sun riga sun tsaya a fili kowa ya gan su, mu ba za mu karɓe su ba, ba su da inda za su. Ko an tashe su nasa ne." Alhaji ya yi dariya ya bugi cinyata. "Wallahi yaron nan ya iya siyasa. Mu ma mun sara masa."

Ban san yadda na tashi daga kan buhun nan ba. Ashe tsayuwar da muka yi ce ta sa muka yi araha. Da mun yi irin na majema, mun ce cikinmu ya ɓaci, da yau ina kan ramin ubana. Wanda ya ɓoye aka lallashe shi, wanda ya fito aka sayar da shi. Wannan shi ne rabon mulkin da aka yi a bayan ƙofa, in wani ya gaya maka wani abu daban, bai sha ranar filin nan ba.

Na sake komawa gidan Tela aka ce ya tafi rangadi. Na koma aka ce yana barci. Muka je wurin shugabannin jam'iyya, suka ce maganar majalisa ce, jam'iyya ba ta shiga. Wani cikinsu har ya yi mana wa'azi, wai gwagwarmaya sai da sadaukarwa. Shi yana da kanti.

Ranar da aka zo cikewa, da safe ne, babban ramina ya nuna. Na zuba masa baba mai kyau, kumfa ta taso, ga zannuwan wata Bafulatana daga Zungur na jiƙa ina shirin tsomawa. Sai ga amalanke cike da jar ƙasa. Ka san su wa ke turawa? Samarinmu. 'Ya'yan jam'iyyarmu da aka ba aikin lebura a rabon, waɗanda suka ɗauki Tela a kafaɗa tare da ni. Ɗayansu ɗan masaƙin da ke maƙwabtaka da ni ne. Ya ƙi kallona.

Na ce, "Ku bar ni in tsoma waɗannan zannuwan, na mutane ne."

Duba-gari ya ce an ce yau, yau ɗin ne.

Suka juye amalanken farko. Ruwan baba ya yi ambaliya ya bi lungu, shuɗi har bakin hanya, kaji suna tsallakewa. Kawu yana zaune a kan turmin bugu, sandarsa tsakanin ƙafafu, bai motsa ba har aka gama da nasa. Sannan ya tashi ya ce mini, "Kai mini muciyata gida." Bai sake rini ba. Ya koma wurin 'yarsa a ƙauye, can ya ƙarasa kwanansa. Tela bai zo ba ranar. Aka ce yana taro.

Ba wanda ya haƙa rami a kan dutsen hanyar Miri, rijiyar ma ba a haƙa ba. Marina suka watse. Wasu suka koma noma, wasu dako. Ni na tafi waccan marinar ta ɗaya ɓangaren gari, wadda ta ƙwace mana manyan riguna, na roƙi a ba ni aiki. Ni da nake da ramukan gado, na koma ina kaɗa wa wani baba, yaran da na girma suna ce mini ɗan jam'iyya, zo ka matse wannan. A wurin marinarmu kuwa aka kafa rumfar kwano, kwamitin tsafta yana ajiye amalanken shara. Majema tana nan inda take. In iska ta juyo har yanzu sai ka rufe hanci.

Aka ba mu mulkin kai, aka yi kaɗe-kaɗe, aka raba wa 'yan makaranta tutoci. Ina jin hayaniyar daga bakin ramin wani. Bayan nan aka ce za a sake zaɓen majalisar gari, wannan karon da akwati, kowa ya shiga ɗaki shi kaɗai ya jefa takardarsa. Majeman da Tela ya yi wa tanadi kuwa duk suka bi manya, don kwamitin kasuwa ne ke ba da rumfunan fata. Sai Tela ya tuna da hanyar gidana.

Ya zo da yamma ina zaune a ƙofar gida ina wanke hannu da toka. Ya yi ƙiba. Ya jingine kekensa, ya cire takalmi, ya tsuguna kamar da.

"Yaya, ina wuni?"

Na ce, "Lafiya."

Ya tambayi iyali, ya yi ta'aziyyar Kawu, wadda ta makara ƙwarai. Sannan ya shiga magana. Wai abin da ya wuce ya wuce, shi ma ba ya barci in ya tuna. Wai marina duk inda suka watse maganata suke ji, in na ce su fito za su fito. In ya koma kujerarsa akwai gurbin shugaban leburori, ya ajiye mini, aikin albashi ne, ba ruwana da tsoma hannu a rami.

Maƙwabta sun fara taruwa, masu dawowa daga masallaci suka tsaya. Na bar shi ya gama. Na ɗauraye hannuna, na zubar da ruwan, na ce:

"Ka gama? To saurara. Na san abin da aka ce maka a gidan attajirin nan, na san abin da ka amsa. An ba ka zaɓi, ba wanda ya riƙe maka wuya. Ka duba ka ga wanda ba zai iya rama maka ba, ka ce a tashe shi. Ka ce ba ni da inda zan je. Gaskiyarka, ba ni da shi, har yau ba ni da shi. Manya ba zan bi su ba, kai ma ba zan bi ka ba, kuma ba zan buɗe baki in ce wa marini ko ɗaya ya fito dominka ba. Leburorinka ka riƙe abinka, na ga aikin da suke yi. Ni ba ni da ƙarfin da zan yi maka komai, Allah yana nan. Amma abu ɗaya ina da iko da shi, kuma ga mutane suna ji, su ne shaida. Na riga na gaya wa 'ya'yana: ranar da na mutu, kada ka taɓa makarata, kada ka zuba ƙasa a kabarina. Ka riga ka zuba mini wadda za ka zuba, a ramukan ubana. Sa takalminka ka tafi."